Baƙin Inna da Na Bayar

Ni ce matar nan da ta bi Illela gida-gida tana bankwana, aka yi mata addu'a, aka haɗa mata guzuri, wasu har da hawayensu, sannan ko tashar mota ba ta taka ba. In ka shigo unguwarmu ba sai ka faɗi suna ba. Ka ce "ta Legas", za a nuna maka ƙofata. Shekara huɗu ke nan ana kirana haka, ni da ban taɓa wuce Gusau ba.

Ba sunan ne ya fi ƙona mini rai ba. Abin da na bayar kafin in samu sunan shi ne ciwon.

Gidanmu masauki ne. Kasuwar Illela ranar Lahadi take ci, saboda haka tun Asabar da la'asar mata ke tsallako iyaka daga ƙauyukan Nijar na bayan Kwanni, ɗauke da tabarmin kaba da faifai da cuku da kanwa da busasshiyar yakuwa. Mace ba ta kwana a kasuwa, kuma ba ta sauka gidan da ba ta sani ba, don haka kowane ayari yana da uwar masaukinsa. Namu ayarin, mata ashirin da 'yan kai, gidan Inna mahaifiyata suke sauka tun ina goye. Uwar masauki ita ke cika randuna, ta tuƙa tuwo, ta gaya musu yadda kasuwa ta kwana. Kayan da bai sayu ba a ɗakinta ake barinsa har wani makon. In wata ta kwanta ciwo ita ke kai ta asibiti, in dillali ya so ya yi musu wayo ita ke yafa mayafi ta je ta tsaya a kansa. Ba haya ba ce, ba a ciniki. Za su tafi su bar miki cuku da kanwa, kuma duk abin da suka zo da shi ke ce mai fara zaɓa. Ranar aurena su suka shimfiɗe ɗakina da tabarmi. Ranar da Inna ta rasu sun riga wasu dangi isowa.

Da aka raba gado, yayyena maza suka ɗauki gonar Garu, ni aka bar mini gida. Babu wanda ya ambaci baƙi a rabon, amma Asabar na zagayowa suka yi sallama, babbarsu ta miƙo mini ƙullin kayanta kamar yadda take miƙa wa Inna. Tsohuwa ce mai saƙar tabarma, Gwaggo muke ce mata ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shi ke nan, na zama uwar masauki. Kuma ba yabon kai ba, na iya. Har dillalan tabarma sun san takuna.

Maigidana kuwa ɗan Sakkwato ne, gidan ma'aikata, inda canjin wurin aiki yake kamar canza riga. Koyar da Faransanci ya kawo shi Illela. Bayan rasuwar Inna ya yarda muka bar gidan haya muka dawo gidana, don ba a barin masauki a rufe. Ya yarda da baki, amma abin bai taɓa kwanta masa ba. Duk Asabar gidansa ya cika da mata, sai ya ɗauki buta da carbi ya koma zaure kamar shi ne baƙon. A majalisarsu "mijin mai masauki" suke ce masa, yana dariya, yana haɗiyewa. Na sani. Na yi kamar ban sani ba, don ya fi mini sauƙi.

Sai ga aikin Legas. Wani kamfani ne da ke fito da kayan 'yan kasuwar Nijar daga tashar jiragen ruwa, suna neman mai jin Faransanci da Turanci da Hausa. Wani tsohon abokin karatunsa ya kai sunansa, aka kira shi, ya je ya dawo da takarda a hannu da fuskar da ban taɓa gani a wurinsa ba. Albashi mai kyau, in ji shi, da gida mai ɗaki biyu, da makaranta kusa don yaranmu biyu.

Na yi masa murna, wallahi har cikin raina. Sai da ya ce "in mun tahi" sannan na tuna da baƙina.

Wata guda muna ja. Na ce ya tafi ya riƙa zuwa, ai rabin mazan Illela haka suke, wani na Kwatano, wani na Agadas, matansu ba su mutu ba. Ya ce shi ba ɗan tireda ba ne, a gidansu inda namiji ya sa ƙafa nan iyalinsa ke sawa. Na ce wa zan bar wa baƙi? Ya ce baƙi ba 'ya'yana ba ne. Na yi istihara, ban ga komai ba sai ciwon kai. Na je wurin kawuna, ya ce mace da mijinta aka san ta, ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Kullum in na kwanta da niyyar tafiya sai in tashi da niyyar zama.

Wata rana da hantsi ina tankaɗe, ya tsaya a kaina ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina zamne gidanki. Ban taɓa ce miki komi ba. Yanzu Allah ya buɗe mani ƙohwa, ke ba ki iya zama nawa gidan ko shekara guda?"

Gaskiya ya faɗa. Na ajiye rariya na ce, "To Malam, na ji. Mu tahi."

Ni kuma halina ke nan, in na ce zan yi abu sai na yi shi har ya wuce kima. A wurinmu mace ba ta sulalewa ta bar gari. Tafiya mai nisa sai an bi kowa an yi bankwana, an nemi gafara, don ba a san wanda zai riga wani ba. Gidan da kika tsallake kuwa ya riƙe ki ke nan har jikoki. Mako uku na yi ina yawo. Na gama unguwarmu, na je Garu wurin yayyena, na je Lafani da Darna, na tsallaka Kwanni wurin dangin Inna. Matan da muka shekara ba ma ga maciji sai da na durƙusa na ce su yafe mini, har da waɗanda su ne suka yi mini laifin. Ko'ina na fito da ƙulli: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu. Kowa na cewa can ba a samun na kirki.

Sauran abu ɗaya, baƙi. Akwai taubashiyata, ɗiyar kawuna, gida uku ne tsakaninmu. Tsakar gidanta da faɗi, mijinta mai haƙuri ne, ita kuma ta daɗe tana leƙen abin. Tun muna yara muke tsokanar juna, ba mu taɓa gaisawa ba tare da an soki wani ba. Da na yi mata maganar sai ta ce, "Kawo su, su huta da tuwonki mai gudaji." Amma na ga yadda idonta ya yi haske.

Na sami Gwaggo na gaya mata. Ta daɗe tana murza igiyar kaba a cinyarta kafin ta ɗago.

"Ɗiyata, kin ga ɗakin da za a kai ki?"

Na ce ban gani ba, amma Malam ya gani a takarda.

"Bari shi tahi shi zamna tukuna, ke ki bi baya. Baƙo ba tukunya ba na, da za a ba da aro a amso. In kin ba da mu, kin ba da mu."

Na ce tare za mu tafi, an riga an sa rana. A raina har ina cewa tsohuwa ba ta san aikin kamfani ba. Ta ce, "To, Allah shi sa alheri," ta ci gaba da murzarta.

Asabar ta ƙarshe, bayan la'asar, na tara maƙwabta da matar kawuna, aka raba goro. Na kama hannun Gwaggo na sa a cikin na taubashiyata, na ce, "Ga amanar Inna, na danƙa miki. Daga yau ke ta uwar masaukinsu." Mata suna ta share ido. Aka yi fatiha. Maigidana yana zaure, labule kawai ne tsakaninmu, na ji amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi. Nan take suka ɗaure kayansu, har wanda ke ajiye a ɗakina tun makon jiya, suka bi ta a jere zuwa gidanta. Na tsaya a tsakar gida da randuna cike da ruwan da ba mai sha.

Ranar Litinin ina ɗaure tukwane a buhu, ya shigo yana sosa ƙeya. Wai an kira shi, an samu 'yar matsala. Gidan da aka ce, na manyan ma'aikata ne. Sabon ɗauka ɗaki ɗaya ake ba su, su uku maza. In ɗan dakata, wata biyu ko uku, ya je ya nemi wuri.

Na ji zafi, amma na ce ƙaddara ce. Har ina ba shi baki, kada ya damu, ba laifinsa ba ne. In na tuna wannan ba shi bakin, sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Laraba yayarsa ta zo daga Sakkwato yi masa sallama. Muna zaune tana cin ɗanwake, ta ce, "Ai gara da kinka haƙura kinka zamna. Tun da yah hwaɗa muna zancen ɗakin nan, sati biyu da sunka wuce, nic ce mai ina za ka kai macce da ɗiya?"

Sati biyu. Na ƙirga da yatsuna a ƙarƙashin zane. Sati biyu da suka wuce ina Lafani ina durƙusa wa mutane. Baƙina suna gidana, hannun Gwaggo bai taɓa na kowa ba.

Na bari ta tafi, don ba a tona miji gaban 'yar'uwarsa. Sannan na same shi a ɗaki yana goge takalmi.

"Malam, mi yah hana ka hwaɗa mani?"

Ya fara kame-kame. Wai na riga na zagaye gari, ta ina zai fara. Wai ya ɗauka za su gyara kafin lokaci. Wai ya riga ya ajiye aikin koyarwa, ya gaya wa 'yan majalisa da iyalinsa zai tafi. Na ce duk na ji, amma ranar Asabar fa? Yana zaure, taku biyar ne, da sai ya ɗaga labule ya ce in dakata. Mi ya riƙe bakinsa har ya iya cewa amin?

Sai ya ajiye takalmin, ya dube ni ido cikin ido.

"Da na hwaɗa miki, da ba ki ba da su ba. In kuwa ba ki ba da su ba, ba ki zuwa har abada. Ƙarya nika yi?"

Ba ƙarya yake yi ba. Shi ya sa har yau ban yafe ba. Da mantuwa ce, ko tsoro, ko kunyar 'yan majalisa, da tuni ya wuce, ai zaman aure ya gaji haka. Amma mutum ya zauna ya auna, ya ga igiyar da ta ɗaure ni da garin nan, ya bar ni na yanke ta da hannuna yana ji. Ranar Juma'a ya hau mota. Na haɗa masa kayansa tsaf, har da yajin da aka ba ni guzuri, ban raka shi ko zaure ba.

Kwana goma ban leƙa waje ba. Da wace fuska? Wadda kika ce wa "sai wata rana, in ba mu gana ba mu gana a Aljanna" ita ce za ki haɗu da ita wurin mai niƙa. Da na fara fita kuwa na sha. "A'a, ta Legas, yaushe kinka dawo?" "Ina tsarabarmu?" Taubashiyata ta fi kowa, tana hango ni ta riƙe haɓa: "Ke har yanzu kina nan? Mu hwa mun yi kewarki mun gama." Guzurin nan kuma ba a mayarwa, mayar da kyauta zagi ne. Haka na zauna ina cin daddawar gari kusan shekara, kowace miya na kaɗa sai na tuna gidan da aka ba ni ita da abin da na ce musu a bakin ƙofa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan Asabar. La'asar na yi zan ji su tafe, da hayaniyarsu da ƙarar amalanken da ke ɗauko musu kaya daga bakin iyaka. Dole ta ƙofata za su wuce. Kowace sai ta leƙo ta gaishe ni, "Ina wuni, ina gajiya, ya ɗiya?" sannan ta wuce gida na uku. Da sun yi fushi sun ɗauke kai da ya fi mini.

Na daure wata biyu, sannan na aje kunya na sami taubashiyata. Ta ce, "Ga su nan, ni ban ɗaure kowa ba. In suna komawa, su koma." Ta faɗa da sauƙi, don ta san abin da na sani. Na ja Gwaggo gefe, bayan rumbu, na ce tafiya ta fasu, ɗakinsu na nan yadda suka bar shi.

Ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, gaban mutane kinka sa hannuna cikin nata, anka ci goro, anka yi hwatiha. Yau in mun kwashe kayanmu mun hita, mi za a ce ta yi muna? Sata ko rowa? Ba ta yi muna komi ba. Mu ɓata mata suna don ke ki ji daɗi?"

Na ce to ni fa, mi na yi?

"Ke kin yi gaugawa," in ji ta. "Uwarki shekara talatin tana riƙe da mu, ko Makka da tat tahi cewa tay yi mu sauka, ga mabuɗi. Ba ta ba da mu ba."

Na dawo gida na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Magana zarar bunu ce, na zare da kaina, gaban shaidu. Na so in tsani taubashiyata, na kasa samun dalili. Tana kula da su. Randunanta ba sa bushewa, kuma na ji an ce ta fara tsaya wa dillalai, ko da yake bakinta bai kai nawa ba.

Wata ukun Malam sai da ya zama shekara biyu. Yana aiko da abin cefane a kan lokaci, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma yana zuwa duk Sallah da ƙiba da sabon agogo. Rannan ya kira da rana tsaka, murya cike da murna, wai ya samu ɗaki biyu da falo, har da famfo a ciki. In shirya, ƙarshen wata zai zo ya kwashe mu.

Na ce ba ni zuwa.

Ya ce, "To mi kika tsaro nan? Mi yar rage miki?"

Na ce babu. Kuma gaskiya ce, babu. Ya turo kawuna, ya turo yayarsa, har limamin unguwa ya yi mini nasiha a kan haƙƙin miji, na saurara da ladabi na ce na gode. Yara na bar su suna zuwa hutu wurinsa, babban ma can ya koma karatu. Ni dai ban taka ba. Na san ana cewa taurin kai ne, ba tsuntsu ba tarko, kuma ban musa ba. Wani lokaci ni kaina ina tambayar kaina wa nake hukuntawa. Amma duk ranar da na ɗauko akwati, sai in ga ai lissafinsa ne zai fita daidai: ya ce in na rasa su zan zo, ga shi na zo. Sai in mayar da akwatin ƙarƙashin gado. Auren yana nan, a waya, minti uku-uku.

Abin da ban taɓa zaton zan yi ba shi ne wanda nake yi yanzu. Zaman Asabar ni kaɗai ya gagare ni. Wata rana na ji taubashiyata tana faɗa da itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya turnuƙe, baƙi sun kusa isowa, sai na yafa mayafi na shiga na karɓi muciya. Ta ce, "Baiwata ta zo aiki," aka yi dariya, ni ma na yi. Tun daga ranar duk Asabar ina can. Ina tuƙa tuwo, ina kwashewa, ina jin labarin ƙauyukansu, wa ta haihu, wa ya rasu. In za su tafi ita suke bar wa cuku, ita kuma ta gutsuro ta aiko mini.

Tun bara Gwaggo ta daina zuwa, ciwon ƙafa ya hana ta. Tsofaffin da suka san Inna suna ta raguwa, 'ya'yansu da surukansu ke maye gurbinsu. Asabar da ta wuce ina durƙushe bakin murhu, wata matashiya da ban taɓa gani ba ta shigo da ɗaurin tabarmi a ka, zuwanta na fari ke nan. Saƙar na kalla na gane ta gidan Gwaggo ce, don tun ina yarinya nake kwana a kan irinta. Na miƙe da sauri, na goge hannu a zane, na miƙa hannu zan sauke ta.

Ta ɗan ja baya, ta riƙe kayanta da kyau, ta gaishe ni da ladabi. Sannan ta ce, "Baiwar Allah, don Allah ina uwar masauki? An ce ita kaɗai zan ba."

Na nuna mata ɗakin. Na koma na ci gaba da tuƙi, don tuwon ya fara kamawa.